Tsohon Mawaƙi a Kan Kujera: Girmamawa Ce ko Cin Fuska?



Ranar Asabar, 5 ga watan Yuli na shekarar 2025, mutane wajen 40,000 suka cika filin ƙwallon Villa Park da ke unguwar Aston, a birnin Birmingham na ƙasar Ingila. Ba ƙwallo ce ta tara su ba. Sun zo ne su yi ban kwana da ƙungiyar makaɗa mai suna Black Sabbath, wadda wasu samari huɗu 'ya'yan talakawa suka kafa a wannan unguwa a 1968. Ita ce ake ɗauka uwar wani reshe na kiɗan rok mai nauyi da tsananin ƙarar jita, wanda ake kira hebi metal.

Tun da rana aka fara, wannan ƙungiya na sauka wata na hawa, har kusan awa goma. Akwai manya irin su Metallica da Guns N' Roses, waɗanda su ma furfura ta riga ta kama su. Akwai kuma matasa irin su Yungblud, wanda aka haifa a 1997, shekara 25 bayan fitowar waƙar da ya rera a wurin. Kusan kowace ƙungiya sai da ta ɗauko waƙa daga cikin na tsofaffin ta haɗa da nata. Can wajen ƙarshen taro sai aka ɗago Ozzy Osbourne, mawaƙin Black Sabbath, daga ƙarƙashin dandamali, yana zaune a kan wata baƙar kujera irin ta sarauta. Shekarunsa 76. Cutar Parkinson, wadda ke sa jiki ɓari ta kuma ƙage gaɓoɓi, tare da ciwon baya da aka sha yi masa tiyata a kai, sun hana shi tafiya. Ya rera waƙa biyar da makaɗansa, sa'an nan huɗu tare da abokansa na ƙuruciya, watau Tony Iommi da Geezer Butler da Bill Ward, waɗanda rabonsu da hawa dandamali su huɗu tare tun 2005. Bayan kwana 17, ranar 22 ga Yuli, ya rasu.

Mai karatu zai ce, ina ruwan takardar dayosis da kiɗan Turawa? Amsa ita ce, tambayar da wannan taro ya tayar ta fi kiɗan girma, tana kuma cikin gidan kowannenmu. Idan mutum ya biya kuɗi ya je kallon dattijo marar lafiya yana rera waƙoƙin samartakarsa, girmama shi ya yi, ko kuwa cin fuskarsa? Wannan magana ce da ta taɓa Doka ta Huɗu, wadda ta umarce mu da girmama iyaye, Ikkilisiya kuma ta koya mana cewa ta haɗa har da dattawa da magabata duka.

Kiɗan da ya yi wa tsufa ba'a

Domin a gane nauyin tambayar, sai an san asalin kiɗan. A irin kiɗan da muka tashi da shi, shekaru ƙara wa makaɗi daraja suke yi. Ba wanda ya taɓa jin cewa marigayi Ɗan Maraya Jos ya tsufa da riƙe kuntigi. Kiɗan rok kuwa, wanda ya taso a Amurka a shekarun 1950 ya bunƙasa a Ingila a shekarun 1960, da raina manya ya fara. Waƙar samari ce masu jin cewa iyayensu ba su fahimce su ba, kuma ba za su taɓa fahimtarsu ba. A 1965 ƙungiyar The Who ta fitar da waƙar da ta zama tutar wannan zamani, My Generation, wadda Pete Townshend ya rubuta yana ɗan shekara 20, cike take da ƙyamar tsufa.

Wasu kuwa ba su kai ga tsufan ba. Jimi Hendrix da Janis Joplin sun mutu a 1970, Jim Morrison a 1971, Kurt Cobain a 1994, kowannensu yana da shekara 27. Keith Moon, mai gangar The Who, ya mutu a 1978 yana da 32. Giya da ƙwaya da fid da rai sun ci mutane da yawa a wannan sana'a, duniya kuma ta mai da mutuwarsu abin ado, ana buga fuskokinsu a riguna, kamar gajeren kwana wata lambar yabo ce.

Sauran da Allah ya ja zamaninsu sun sami kansu a wurin da ba su shirya masa ba. A 2024 ƙungiyar Rolling Stones ta zaga biranen Amurka, Mick Jagger yana da shekara 80, kuma mai ɗaukar nauyin zagayen ita ce AARP, ƙungiyar da ke kare muradun masu shekara 50 zuwa sama a wannan ƙasa. A 2025 The Who ta yi zagayen ban kwana, Roger Daltrey yana da 81, Townshend yana da 80, mutane kuma suna jiran su rera waƙar nan ta 1965. Kowa ya daɗe zai ga daɗau. Kiɗan da ya yi wa furfura ba'a yau masu furfura ne ke riƙe da shi.

Abin da masu suka ke faɗa

Masu sukar irin wannan taro suna da hujjoji, bai kamata a yi watsi da su ba.

Ta farko ita ce kuɗi. Tsohon mawaƙi mai suna rijiya ce da mutane da yawa ke sha daga gare ta: masu shirya taro, masu sayar da tikiti, kamfanonin faifai, wani lokaci har da dangi. Kalmar ban kwana kanta ta zama hanyar ciniki, gama ƙungiyoyi da dama sun yi ban kwana sun dawo sun sake yin wani. The Who ta fara yin nata tun 1982. Idan mutane masu yawa suna ci daga tsayuwar dattijo a dandamali, wa zai gaya masa gaskiya ranar da ya kamata ya huta?

Ta biyu ta fi zurfi, kuma mai kallo ta shafa. Mutumin da ya kai shekara 60, ya sa baƙar riga irin wadda yake sawa yana ɗan 18, ya tafi filin wasa, sau da yawa samartakarsa ya je nema. So yake mawaƙin ya ƙaryata masa kalanda na awa biyu. Idan muryar ta karye sai ransa ya ɓaci, domin karyewarta ta tuna masa da gwiwoyinsa da hawan jininsa. Ta haka dattijon da ke kan dandamali yakan zama kamar madubin da aka hana shi nuna gaskiya. Dole ya rina gashi, ya yi tsalle, ya yi kwaikwayon yaron da ya rabu da shi shekara hamsin da suka wuce. Wannan zalunci ne, ko da tafi ya biyo bayansa.

Ta uku ta fi damun mai bi. Dubban mutane sun ɗaga hannu sama suna kiran sunan mutum ɗaya, wasu suna kuka. Shin wannan bai yi kusa da sujada ba? Balle kuma mutumin shi ne wanda aka yi wa laƙabi da yariman duhu, wanda abokansa suka kora daga ƙungiyar a 1979 saboda shaye-shaye, wanda ya ciji kan jemage a dandamali a 1982, wanda shi da bakinsa ya sha faɗin irin wahalar da buguwarsa ta jawo wa iyalinsa. A 1990 Kadinal John O'Connor na New York ya gargaɗi iyaye daga kan bagade game da wannan irin kiɗa, har ya ambaci ɗaya daga cikin waƙoƙin Osbourne. Ba makaho ne ya yi gargaɗin ba.

Abin da kujerar ta nuna

Duk da haka, wanda ya dubi abin da ya faru a Birmingham da idon adalci zai ga cewa suka ta biyu ba ta kama shi ba, dalili kuwa kujerar nan ce. Ba a ɓoye rashin lafiyar mutumin ba. Shi ne ya sanar wa duniya cutarsa tun watan Janairu na 2020. Ya fito a zaune, hannu yana rawa, murya tana da raunin shekaru, ba kuma wanda ya isa ya rudi kansa cewa ana 1972 ne. Mutanen da suka zo neman samartakarsu tsufa suka tarar yana kallonsu, suka kuma yi masa tafi a yadda yake. Kiɗan da ya shekara sittin yana gudun wannan gaskiya ya zauna a gabanta a wannan dare.

Abu na biyu shi ne halin matasan. James Hetfield na Metallica ya faɗa wa taron cewa ba domin Black Sabbath ba, da babu ƙungiyarsa. Mutanen da kowannensu zai iya cika filin shi kaɗai sun yarda a ba su ɗan gajeren lokaci, su sauka su ba wani wuri, su bar ƙarshen taro ga dattawa huɗu da ƙarfinsu bai wuce waƙa huɗu ba. Mako ɗaya kafin wannan, a bikin kiɗa na Glastonbury, mawaƙiya Olivia Rodrigo, wadda aka haifa a 2003, ta gayyato Robert Smith na ƙungiyar The Cure, wanda aka haifa a 1959, suka rera waƙoƙinsa biyu tare a gaban 'yan mata da yawancinsu iyayensu ne suka san shi. Littafin Firistoci, sura 19, ya umarci Isra'ila su miƙe tsaye a gaban mai furfura. Abin mamaki ne a ga 'ya'yan kiɗan tawaye suna cika wannan umarni ba tare da sun san inda aka rubuta shi ba. Amma Manzo Bulus ya riga ya koya wa Romawa cewa akwai shari'a da ke rubuce a zuciyar ɗan Adam, har wanda bai taɓa jin ta da kunne ba.

Game da kuɗi kuma, masu shirya taron sun sanar cewa ribarsa ta ƙungiyoyin agaji uku ce: wata mai neman maganin cutar Parkinson, da asibitin yara na Birmingham, da gidan kula da yara masu ciwon ajali mai suna Acorns. Wannan bai wanke dukan sana'ar ba, amma ya nuna cewa ba kowane ban kwana ne na neman riba ba.

Barzillai da Fafaroma biyu

Littafi Mai Tsarki yana da wani dattijo da ya dace da wannan magana ƙwarai. A littafin Sama'ila na Biyu, sa'ad da Sarki Dawuda yake gudun ɗansa Absalom, Barzillai mutumin Gileyad ya ciyar da shi da mutanensa a Mahanayim. Da yaƙi ya ƙare, sarki ya roƙe shi ya bi shi Urushalima ya zauna a fada. Barzillai ya ƙi. Ya ce shekarunsa 80, ba ya jin daɗin ci da sha kamar dā, kunnensa ma ba ya ƙara jin muryar mawaƙa maza da mata. Ya raka sarki ya haye Urdun, ya roƙi a bar shi ya koma ya mutu kusa da kabarin iyayensa, ya kuma miƙa Kimham a madadinsa domin alherin sarki ya sauka a kan saurayin. Bai yi ƙarya game da jikinsa ba, bai kuma tafi ba sai da ya sa wani a gurbinsa.

Shin kowane tsoho dole ya bi hanyar Barzillai ya koma gida? Ikkilisiya ta ga hanyoyi biyu a zamaninmu. Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu, wanda shi ma cutar Parkinson ta kama, ya zauna a kan aikinsa har ƙarshe. Ranar Ista, 27 ga Maris 2005, ya fito taga ya yi ƙoƙarin yin magana, murya ta ƙi, sai ya sa wa jama'a albarka da hannu kawai. Ya rasu ranar 2 ga Afrilu. A lokacin akwai masu cewa bai kamata a riƙa nuna shi haka ba, amma marasa lafiya da yawa sun sami ƙarfin zuciya da ganinsa, gama ya nuna musu cewa darajar mutum ba ta ƙarewa da ƙarewar ƙarfinsa. Magajinsa, Benedict na 16, ya ɗauki ɗaya hanyar. Ranar 11 ga Fabrairu 2013, yana da shekara 85, ya sanar cewa ƙarfinsa bai ƙara isa ga aikin ba, ya sauka.

Ba muna daidaita kujerar Bitrus da kujerar mawaƙi ba ne, Allah ya sawwaƙe. Abin lura shi ne, wanda ya zauna da wanda ya sauka duka sun yi daidai, domin abin da ya haɗa su ya fi abin da ya raba su. Kowannensu da yardar kansa ya yi, a gaban Allah, ba wanda ya tura shi. Kowannensu ya faɗi gaskiya game da rauninsa. Kowannensu kuma aikin ya sa gaba, da waɗanda za su ci gaba da shi. Da wannan ma'auni za a iya auna kowane dattijo a kowane dandamali. In shi ya so, in ba a tilasta masa yin ƙarya game da shekarunsa ba, in kuma tsayuwarsa tana buɗe wa na baya hanya, to zuwa kallonsa girmamawa ce. In waɗannan sun ɓace, ko tafi ya kai sama cin fuska ne.

Girmamawa ba amincewa da kome ba ce

Saura suka ta uku, ita kuwa ba ta da sauƙi. Ikkilisiya kanta ba ta yi magana da murya ɗaya a kanta ba. Ranar 27 ga Satumba 1997, a babban taron Yukarist na ƙasar Italiya a birnin Bologna, Bob Dylan ya rera waƙa a gaban Yohanna Bulus na Biyu da dubban matasa, ya cire hula ya hau ya gaishe shi. Fafaroma ya ɗauki tambayoyin da ke cikin wata tsohuwar waƙar Dylan, ya ba matasan amsarsu cikin Kristi da Ruhu Mai Tsarki. Kadinal Joseph Ratzinger, wanda daga baya ya zama Benedict na 16, ya bayyana a wani littafi da ya fito a 2007 cewa ya yi shakkar dacewar gayyatar, kuma shakkar ba ta rabu da shi gaba ɗaya ba. Ɗaya ya ga ƙishirwar da ke cikin waƙar, ɗayan ya ga haɗarin mai da mawaƙi annabi. Mai hankali zai riƙe duka biyun.

Saboda haka mai bi ba ya shiga irin wannan taro ya bar lamirinsa a bakin ƙofa. Akwai waƙoƙin da bai kamata su fito daga bakinsa ba, akwai wuraren da buguwa da lalata suka yi yawa har zama a cikinsu ya zama kusantar zunubi. Iyaye suna da hakki su san abin da 'ya'yansu ke saurara. Amma adalci ya hana mu yanke hukunci da sunan ƙungiya ko launin riga kawai. Geezer Butler, wanda ya rubuta yawancin kalmomin waƙoƙin Black Sabbath na farko, a gidan Katolika 'yan asalin Ireland ya tashi. Da yawa cikin waƙoƙin gargaɗi ne game da yaƙi da mugunta, ɗaya kuma mai suna After Forever, ta 1971, kare bangaskiya ga Allah take yi a fili.

Doka ta Huɗu ba ta ce a girmama iyaye marasa laifi kaɗai ba, gama da haka ne da ba wanda zai sami girma. Nuhu ya bugu ya kwanta tsirara, Shem da Yafet suka rufe shi suna tafiya da baya. Ba su ce buguwa abu ne mai kyau ba, ba su kuma mai da mahaifinsu abin dariya ba. Ana iya ƙin abin da mutum ya aikata, a kuma gode masa saboda baiwar da Allah ya ba shi, a tsaya masa a ranar rauninsa. Sujada ta Allah ce shi kaɗai. Godiya kuwa bashi ce da ke kanmu ga duk wanda muka amfana da aikinsa, kuma ya fi kyau a biya ta yana da rai. Mutanen Birmingham sun biya tasu saura kwana 17.

Mu koma gida

'Yan'uwa, kaɗan ne cikinmu za su taɓa shiga irin wannan fili, amma kowace Lahadi muna da namu dandamali. A ƙungiyar mawaƙan coci akwai Mama wadda ta shekara arba'in tana ɗaga waƙa, yau muryarta tana rawa. Akwai tsohon katikis da ya yi wa rabin garin koyarwar baftisma, yanzu yana manta inda ya tsaya a karatu. Akwai kuma matasa masu jita da molo da sababbin waƙoƙi, suna jiran a ba su wuri. Sau da yawa hanyoyi biyu kawai muka sani: ko a bar tsoho yana fama da abin da ya fi ƙarfinsa domin ana jin nauyin yi masa magana, ana dariya a bayansa, ko kuwa a ture shi shiru ba ko na gode, har sai ranar jana'izarsa a cika shi da yabo.

Akwai hanya ta uku, kuma abin kunya ne a ce makaɗan rok sun riga mu bin ta. A kawo wa dattijo kujera. A ba shi waƙa ɗaya wadda muryarsa za ta iya ɗauka, matasa su tsaya a bayansa su riƙe masa amshi. Su koyi tsofaffin waƙoƙin daga bakinsa tun yana nan, gama da tsohuwar zuma ake magani. Shi ma dattijon ya tuna da Barzillai, ya nemi nasa Kimham, ya miƙa masa aiki da hannunsa ba tare da guna-guni ba. Tun 2021 Fafaroma Francis ya keɓe Lahadi ta huɗu ta watan Yuli domin kakanni da tsofaffi. Zai yi kyau kowace majami'a ta yi amfani da wannan rana ta gode wa nata dattawan da sunayensu, suna zaune suna ji.

Saurayin da ke raina muryar tsoho yau ya tuna cewa kujerar tana jiransa, in Allah ya ba shi tsawon rai. Bari Ubangiji, wanda marubucin Zabura ta 71 ya roƙa kada ya yashe shi sa'ad da ƙarfinsa ya ƙare, ya ji ƙan dukan waɗanda suka riga mu, ya ba dattawanmu haƙuri, ya ba matasanmu ladabi. Amin.